Fanshon Odilia Botelho da Ƙirgar Ranar Asabar

Duk wanda ya yi firamare a Dunhaven cikin shekara ashirin da shidan da suka wuce, hannun Odilia Botelho ne ya zuba masa abincin rana. Garin ƙarami ne, makarantarsa ɗaya, kicin ɗinta ɗaya, tagar da ake miƙo faranti ta cikinta ma ɗaya. Ta wannan tagar yara suka san ta: gajeruwa, kakkaura, gashi cikin raga, ludayi a hannun dama, ido a kan layi tana ƙirga kawuna. Kafin yaron farko ya iso gabanta ta riga ta san ko tire shida na taliya zai isa, ko sai an tura na bakwai cikin tanda. Yara "Misis B" suke ce mata. Tsofaffin unguwar bakin ruwa kuwa, waɗanda suka zo daga tsibirai kamar iyayenta, Dona Odilia suke kiranta.

A tsibirin São Miguel aka haife ta. Tana da shekara goma sha ɗaya aka kawo ta Amurka, ƙanenta Serafim yana ɗan shekara biyar, riƙe da gefen rigarta tun daga jirgi har ƙofar gidan haya. Ba ta gama sakandare ba ta shiga masana'antar ɗinkin wanduna, inda aka ɗora ta kan aljihu, aljihu kawai, har shekara takwas. Ta auri Horacio Botelho mai kamun kifi a teku, ta haifa masa 'ya'ya biyu, ta zauna gida tana ɗinkin labule ana biyanta a hannu. Horacio ya yi shekara talatin yana tsallake guguwar teku, sai ga shi ciwon zuciya ya ɗauke shi a tsakar gidansa yana ɗaure wa inabi rumfa. A lokacin Odilia ta daɗe da fara aikin kicin, kuma aikin ne ya riƙe gidan.

A takarda, awa goma sha tara take yi a mako. Ƙa'idar asusun fansho ta ce sai mai awa ashirin ake sakawa ciki. Ba ita kaɗai aka yi wa haka ba. Haka garin ke ɗaukar matan kicin da masu tsallakar da yara titi, kowa ya sani, ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai. Odilia takan zo kafin lokacinta don ta kunna tanda, ta tafi bayan lokacinta don tukwane ba sa wanke kansu, amma takarda ba ta taɓa canzawa ba har shekara goma sha bakwai. Sai da babbar mai dafa abinci ta yi ritaya sannan aka ba ta gurbin, aka mai da ita cikakkiyar ma'aikaciya, aka fara ƙirga mata shekaru.

Shekara goma ake bukata kafin a sami fansho. Tana da tara da wata huɗu kwamitin makaranta ya ba wani kamfani kwangilar abincin, ya ce ƙarshen watan Yuni aikin matan kicin ya ƙare. Wata takwas suka rage mata, Yuni kuwa zai riga su zuwa. Shekararta sittin da uku, ƙugunta na hagu likita ya ce sai an yi aiki, kuma inshorar asibitinta a jikin fanshon take. In babu wannan, babu waccan. Ɗan abin da take karɓa na marigayi bai wuce harajin gida da man ɗumama ɗaki ba.

Ta je ofishin fansho a mota tare da Serafim, wanda ya rufe wurin aikinsa na fentin jiragen ruwa don ya raka ta, ko da yake ba ta roƙe shi ba. Ma'aikaciyar da suka tarar mai kirki ce, ta juya allon kwamfuta ta nuna musu.

"Misis Botelho, ba ni da ikon ƙara miki ko yini guda. Doka ce ta ɗaure ni. Sai dai wata dokar ta kwance."

"Wace dokar?" in ji Odilia.

"Taki. Mai sunanki a kai. Majalisar jiha takan yi wa mutum ɗaya doka in garinsa ya nema, a ce a ƙirga masa shekarun baya. Duk shekara ana yin irinsu da dama."

Serafim ya buga tebur da tafin hannu har alƙalami ya yi tsalle. "Kin ji ko, Yaya? Doka sukutum da sunanki! Baba da ya ga wannan rana!"

"Baba da ya ce ka rage murya," ta ce. "Muna ofishin mutane."

'Yar majalisar yankinsu, Maureen Gilhooly, takan zauna a ɗakin karatu na gari ranar Juma'a don jin koke. 'Ya'yanta uku duk ta tagar Odilia suka ci, don haka ba a yi doguwar gabatarwa ba. Ta saurara, ta rubuta, sannan ta ajiye tabarau.

"Zan ɗauka, Misis B, da hannu biyu. Amma ni ba zan iya farawa ba. Fanshon daga aljihun gari zai fito, saboda haka taron gari ne zai fara cewa yana so. Ku kawo mini ƙuri'a mai ƙarfi. In na tsaya gaban kwamiti na ce garin kaf yana bayanta, aikin zai zo da sauƙi. Kuma ta iso hannuna kafin Yuni ya kama, don ƙarshen Yuli majalisa ke rufe manyan zamanta. In muka wuce nan, sai a sake sabon lale a Janairu."

"Ƙuri'a mai ƙarfi," Serafim ya maimaita, yana gyaɗa kai. "Za ki same ta, ranki ya daɗe. Wadda za ki ɗaga musu a fuska."

Odilia kuwa tana can tana lissafin wa da wa za ta kira.

Taron gari sau ɗaya ake yi a shekara, Asabar ta farko a watan Mayu, a zauren wasannin makarantar, bango ɗaya tsakaninsa da kicin ɗinta. Ranar duk mai rajistar zaɓe ɗan majalisa ne: ya karɓi katinsa na ɗagawa don neman magana a ƙofa, ya zauna kan kujerar ƙarfe, ya yi magana in yana so, ya jefa ƙuri'a kan komai daga albashin malamai har zuwa kwalbati. Ƙa'idar Dunhaven ta ce sai da mutum ɗari taro yake taro. Amma al'ada ita ce, da zarar an buɗe da cikakken adadi, ana ɗauka adadin yana nan, ko da zauren ya koma rabi, har sai wani ya miƙe ya ce a duba. Shekara da shekaru haka ake ƙarasa batutuwan ƙarshe, da mutum saba'in ko tamanin masu jin yunwa, kowa ya yi kamar bai gani ba.

Batun Odilia shi ne na ashirin da bakwai cikin ashirin da tara. Abin da 'yan gari suka shigar da kansu kullum a wutsiya ake sa shi.

Ta san me hakan ke nufi, don haka ba ta zauna ba. Ta kira iyayen yara, ta kira waɗanda suka girma suka zama iyaye, ta tsaya a ƙofar coci bayan sujada, ta bi gidan tsofaffi ɗaki ɗaki. Ba ta roƙi kowa ya zo ba, domin zuwa kowa zai zo. Abin da take roƙo shi ne a zauna. Mutum ɗari da arba'in da biyu suka yi mata alkawarin zama har ƙarshe. Ta cire kashi ɗaya cikin huɗu don ta san mutanenta, ta ga saura ɗari da shida, ta ce to, da ƙyar amma za a sha. Serafim kuma, da yake shi ne shugaban ƙungiyar 'yan tsibiri mai shirya bikin miya na shekara, ya yi alkawarin kawo dattawan ƙungiyar su cika layin gaba.

Abin da ba ta sa a lissafi ba shi ne rana. An yi sanyi mai tsawo a wannan shekarar, har cikin Afrilu ana kwasar ƙanƙara, sai ranar Asabar ɗin gari ya waye tas, iska mai daɗi, teku kwance kamar an goge. Ranar ce kuma aka buɗe gasar ƙwallon yara a filin bayan coci.

Da safe zauren ya cika, mutum ɗari uku da arba'in. Odilia ta zauna a layi na biyu, can gefe inda za ta iya miƙe ƙafar hagu, kuma inda in ta ɗan juya za ta ga kowa. An yi kuɗin makaranta, iyaye suka yi tafi, hamsin suka fita. An yi sabuwar motar kashe gobara, 'yan kwana-kwana da iyalansu suka bi bayansu. Sannan aka shiga batun ko karnuka za su riƙa yawo a bakin ruwa ba igiya, aka share fiye da awa guda a kai, mutum goma sha tara suka yi magana, ɗaya har da kuka. Da aka tafi hutun abinci Odilia ta fito da malasada, fanken nan na tsibiri mai barbaɗin sukari, ɗari uku cif, wanda ta soya da asuba a tsaye kan ƙugu mai ciwo. Aka cinye tas. Mutane suka rungume ta da yatsu masu sukari, suka ce "Muna tare da ke, Misis B," suka leƙa waje suka ga rana, wasu ba su dawo ba.

Da aka kai batu na ashirin, ta ƙirga ɗari da ashirin da ɗaya. A na ashirin da huɗu, ɗari da bakwai. Ana cikin na ashirin da shida wata mata ta duba waya ta ja mijinta, wasu ma'aurata suka bi su, sai wani layi guda na matasa ya tashi kamar tsuntsaye. Odilia ta ƙirga daga dama zuwa hagu, ta sake daga hagu zuwa dama. Casa'in da shida, har da ita, har da shugaban taro.

Ta ɗaga ido ta dubi shugaban. Alden Crowell mai shagon kayan gini ne, shekara ashirin yana jan taron nan, kuma daga kan dandamalinsa yana ganin kujerun da babu kowa fiye da yadda take gani. Idonsu ya haɗu. Ya ɗan gyara takardunsa, ya ƙara sauri.

"Batu na ashirin da bakwai," ya ce. Aka karanta shi: garin yana roƙon majalisar jiha ta yi doka a ƙirga wa Odilia Botelho shekarunta na farko a kicin. Shugabar makaranta ta yi magana gajeruwa. Wani ƙaton ɗan sanda ya miƙe ya ce akwai shekarar da abincin Misis B ne kaɗai mai zafi da yake ci a rana, ya zauna da sauri.

Sai Dwight Tillinghast ya ɗaga katinsa.

Ba wanda ya yi mamaki. Tillinghast tsohon mai awon filaye ne, dogo, siriri, shi kaɗai ne a Dunhaven yake karanta rahoton gari daga bango zuwa bango, kuma ba a taɓa kashe kuɗin gari bai tambayi dalili ba. Ya taka zuwa lasifika a hankali.

"Shugaba, ba ni da komai da Misis Botelho. Jikokina sun ci abincinta. Amma na duba, mata goma sha ɗaya aka yi wa wannan awa goma sha tara. Ina sunan sauran goman? In an yi ba daidai ba, a gyara wa kowa. Doka ba riga ba ce da za a ɗinka wa mutum ɗaya. Zan ce a'a."

"Ka ce mana, gardin tsoho!" Serafim ya faɗa daga layin gaba, ba tare da an ba shi dama ba. "Kai da ko ruwan sha aka ce a saya wa gari sai ka ce a jira ruwan sama!"

Aka yi dariya. Crowell ya buga sandarsa. "Mista Rezendes, ta wurina ake magana."

Odilia ta miƙa hannu ta daki kafaɗar ƙanenta. Maganar Tillinghast ta soke ta, domin ta san sauran goman da sunayensu, uku ma sun mutu. Amma ba yau ba. Yau dai a wuce.

"Masu goyon baya su ce e," in ji Crowell.

Zauren ya amsa da ƙarfi, har bangon ya mayar.

"Masu adawa su ce a'a."

"A'a," in ji Tillinghast, sarai, da wata murya guda can baya da ba a gane mai ita ba.

"Masu e sun yi rinjaye. Batu ya wuce. Batu na ashirin da tak..."

"Shugaba!"

Serafim ne a tsaye, ƙirji a gaba, kati a sama.

"Shugaba, muna so a ƙirga! A tsaye! A rubuta lamba a takarda, a kai wa majalisa, su ga garin nan kaf yana bayan yayata. Kuma mai cewa a'a ya miƙe shi kaɗai kowa ya gan shi!"

Odilia ta sunkuya gaba da sauri. Ta kamo gefen kwat ɗinsa ta ja. "Serafim, zauna."

"Bari, Yaya, na san abin da nake yi."

"Ba ka sani ba. Zauna don Allah."

Crowell ya cire tabarau ya goge, a hankali ƙwarai. "Mista Rezendes," ya ce, "wataƙila ba ka ji ba. Batun ya wuce. Ɓangarenka ne ya ci. Ka tabbata kana so ka ƙalubalanci ƙuri'ar da ka ci?"

"Ni ba ƙalubale nake ba, lamba nake so!"

"Ƙa'ida ta ce sai mutum bakwai sun miƙe sannan in ƙirga. Ni kuwa mutum ɗaya nake gani." Ya ɗaga sanda zai buga.

Serafim ya juya ga layinsa ya ɗaga hannu biyu kamar mai kiran jirgi ya matso. Dattawan ƙungiya, waɗanda suka yi awa biyar a zaune kan ƙarfe saboda Dona Odilia, waɗanda rabinsu ba sa ji sosai, suka ga shugabansu na kira, suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya, da sanduna, da dafa kujera, da nishi. Tsoho Baltazar har ya juyo ya yi mata murmushi ya ɗaga babban yatsa.

"Ku zauna!" ta ce da harshen tsibiri, ta sake faɗa da Turanci. "Kawu Baltazar, zauna!"

"Ba komai, 'yata," in ji tsohon. "Don ke ai ko gudu sai mu yi."

Tara suka miƙe. Crowell ya dube su, ya dubi Odilia, ya ajiye sandar. Ba shi da yadda zai yi.

"Masu ƙirga, ku fito."

Aka ce masu e su tashi. Odilia ta tashi da su, don zama ba zai gyara komai ba. Masu ƙirga biyu suka bi layi layi suna nuna mutane da yatsa, suka haɗu a gaba suka gwada lambobinsu. Aka ce masu a'a. Tillinghast ya miƙe, da wata tsohuwa a baya wadda daga bisani aka gano ta zaci har yanzu batun karnuka ake.

"Casa'in da ɗaya, da biyu," Crowell ya karanta, murya ƙasa ƙasa.

Serafim ya juya yana tafi sama da kai. "Casa'in da ɗaya! Ka ji, Tillinghast? Casa'in da ɗaya da kai da kurma!"

Tillinghast bai koma kujerarsa ba. Ya tsaya yana motsa leɓe. Ba mugu ba ne, kuma da an bar ƙuri'ar a murya da ya zauna kamar yadda ya saba zama kowace shekara, don ko shi ya san yadda ake ƙarasa taro. Amma yanzu an faɗi lamba a fili, magatakarda ta rubuta ta, kuma casa'in da ɗaya da biyu ba su kai ɗari ba ko a wurin ɗan aji ɗaya.

"Shugaba," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "ina tambaya ko adadi ya cika."

Tafin Serafim ya tsaya a sama.

Aka rufe ƙofa aka ƙirga kowa da kowa. Casa'in da shida.

Crowell ya yi abin da zai iya. Ya ba da hutun kwatan awa, ya ce duk mai ɗan'uwa kusa ya nemo shi. Serafim ya fita da gudun da bai yi ba tun yana saurayi, ya nufi filin ƙwallo. Odilia ta tsaya a bakin ƙofa da kanta, ƙugu na zafi, tana tare masu fita.

"Ina za ki, Charlene?"

"Bayi kawai, Misis B."

"Bayi na ciki, ta can."

Amma ƙofar zauren uku ce, ita kuwa ɗaya. Wasu suka fita shan taba, suka ji ɗumin rana, suka ce ai an riga an yi ƙuri'ar. Serafim ya dawo yana haki da mutum biyar: uba biyu da rigar ƙwallo, wata kaka, mai sayar da askirim, da Fada Amaral, limamin coci. Mai askirim ɗan wani gari ne. Fada kuma, ashe, tun da aka kawo shi cocin bai mai da rajistarsa nan ba. Uku suka shiga, bakwai sun tafi. Aka sake ƙirgawa: casa'in da biyu.

"Ba ni da taro," in ji Crowell. "Batu na ashirin da bakwai zuwa ashirin da tara ba a yi su ba. Na rufe." Ya buga sanda sau ɗaya, ya sauko, ya zo har inda take. "Odilia, na yi ƙoƙari."

"Na gani, Mista Crowell. Na gode."

Suka shiga mota, suka bi ta gaban coci. Ana jin ihun iyaye daga filin ƙwallo.

"Ita ce fa ta ce ƙuri'a mai ƙarfi," Serafim ya fara.

"Ta ce lamba?"

"To ai ƙarfi..."

"Ta ce maka lamba, Serafim? Mutumin nan ya ce maka ka ci. Sau biyu ya faɗa maka. Na ja maka riga har maɓalli ya cire. Kai dai tun kana yaro bakinka ke riga kanka isa wuri."

"Ni ina zan san ba su kai ba? Wurin a cike na gan shi."

"A layin gaba kake, ina za ka gani? Bayanka ka taɓa dubawa?"

Ya juya sitiyari, ya ce, "Tillinghast ɗin nan, na rantse sai na..."

"Ka bar Tillinghast. Shi a zaune yake har ƙarshe."

Maureen Gilhooly ta kira da yamma, ta riga ta ji. Ta ce ba takarda, ba doka. Hanya ɗaya ta rage: in mutum ɗari biyu suka sa hannu, dole gari ya kira taro na musamman. Amma da wuya a yi shi kafin Oktoba, don da rani ba a samun ko hamsin, kuma a lokacin majalisa ta rufe. Sai dai Janairu, a sake shigarwa daga farko, a jira kwamiti.

"Wato shekara," in ji Odilia.

"In an yi sa'a, Misis B. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Ƙarshen Yuni aikin ya ƙare, inshorar ta bi shi. Ta kira asibiti ta ce a ɗage aikin ƙugun, suka tambaye ta zuwa yaushe, ta ce za ta kira. Kamfanin da ya karɓi kicin ya ce yana neman mai ɗumama abincin da ake kawowa a daskare, ta karɓa, a rabin albashi, kuma ko shekara ɗari ta yi musu ba a ƙirga mata yini guda a asusun gari.

Ranar Asabar ta biyu a Yuli ta kafa tebur a juji, inda kowane gida a Dunhaven ke kai shararsa da kansa, inda kuma duk mai neman sa hannu ke tsayawa. Serafim ya riƙe mata lema tun safe. Kafin tsakar rana ta sami ɗari biyu da goma sha huɗu. Kowa da abin da yake faɗa.

"Misis B! Ashe bai wuce ba? Ni fa da na fita an ce an gama."

"Ba a gama ba, Charlene. Sa hannu nan. Za ki zo a Oktoba?"

"Haba, dole!"

"Zuwa ba shi nake tambaya ba. Za ki zauna?"

Tillinghast ma ya zo da kwalabensa a ware kala kala. Ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa, ya sa hannu.

"Har yanzu a'a zan ce," ya faɗa mata. "Amma ya kamata a yi taron."

"Ka zo ka ce a'ar, Mista Tillinghast. Kujera ɗaya ce ka cika mini."

Da suka naɗe tebur, Serafim ya sa shi bayan mota ya tsaya yana murza hula.

"Yaya, ranar taron me kike so in yi?"

"Ka tsaya a ƙofa. Ta waje."

"To." Ya buɗe mota, sannan ya juyo. "Amma fa ni ma mutum ɗaya ne cikin ɗarin."

Odilia ta tsaya da hannu a ƙugu, ta daɗe tana dubansa. Ta yi tsaki.

"To ka shigo. Kusa da ni za ka zauna, ta ɓangaren bango. Katinka kuma a jakata zai kwana."